Amsa ga 'yar'uwar da ta ga kororon roba a jakar maigidanta

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Na karanta tambayarki, inda kika ce maigidanki ya dawo daga ci-rani a Gabon, kina kwance masa kaya kika ci karo da kororon roba, da kika yi magana sai ya ce ki kwantar da hankalinki domin bai taɓa kusantar wata mace ba tare da shi ba, kina kuma son sanin ko hakan ya isa ya raba ki da ƙanjamau. Wallahi jikina ya yi sanyi, domin halin da kike ciki na shiga irinsa.

Ban zo in ƙaryata roba ba. Idan mai kyau ce, aka sa ta tun kafin a fara, ba ta fashe ba kuma ba ta zame ba, ƙwayar cutar ba ta ratsa ta. Amma binciken da aka yi a kan ma'auratan da ɗayansu ne kawai yake ɗauke da cutar ya nuna cewa masu cewa kullum suna amfani da ita haɗarin ya ragu musu da kimanin kashi 80 cikin ɗari, ba duka ba. Robar da ta daɗe a aljihu cikin zafi tana lalacewa, haka wadda wa'adinta ya wuce, kuma basilin ko man kaɗanya ko man gyaɗa suna cinye ta har ta yage. To mutumin da ya ɓoye miki cewa yana neman mata a can, da wace hujja za ki karɓi shaidarsa cewa ko sau ɗaya bai yi sakaci ba?

Nawa mijin kayan koli yake kaiwa Kamaru, yakan daɗe bai waiwayo ƙauyenmu da ke wajen Birnin Kudu ba. Ina da ciki na je awo, bayan an ɗebi jini sai malamar asibiti ta sallami sauran mata, ta ja labule, ta tambaye ni a hankali ko maigidana matafiyi ne. Tun kafin ta ƙarasa na gane. Da na faɗa masa da daddare bai ce komai ba, ya ɗauki buta ya fita, da gari ya waye kuwa uwarsa ce ta tara matan gidan a tsakar gida ta ce ni na kwaso abin kunya na kawo wa ɗanta mai sallah da azumi, ni da iyakar tafiyata Kano ce, ita ma sai da biki. Ta ware mini kwano da moɗa, ta ɗiga musu jan fenti a gindi don kada a haɗa da na kowa, ta hana yaran gidan cin abin da na dafa, alhali cutar ba ta bin kwano ko abinci ko gaisuwa. Shi kuwa yana zaune a kan tabarma yana jan carbi, bai ɗaga kai ya dube ni ba. Daga baya ƙaninsa ya tsinci katin wani asibiti na can a cikin akwatinsa, ashe ya san yana da ita tun kafin in sami cikin, an ɗora shi a kan magani ya watsar ya koma shan jiƙe-jiƙe. Har yau uwar tasa ba ta ce mini in yi haƙuri ba, kuma idan muka haɗu a gidan suna takan janye mayafinta.

Saboda haka ki nemi ku je gwaji tare, kuma kada gwaji ɗaya ya rufe miki ido. Irin wanda ake tsira yatsa a ɗiga jini yana iya ɗaukar har kwana 90 kafin ya nuna sabon kamu, don haka a yi yanzu, a sake bayan wata uku daga dawowarsa, kuma kafin nan ku yi amfani da robar a tsakaninku ko ku haƙura. Idan ya kusance ki ba kariya a cikin awa 72 da suka wuce, ki tafi babban asibiti yau ki faɗi gaskiya, domin akwai maganin riga-kafi da ake kira PEP, wanda ake sha kwana 28, amma idan awannin sun wuce ba ya aiki. Ki roƙi a duba ciwon hanta da tunjere, musamman da yake gyambon al'aura yana buɗe wa ƙanjamau hanya.

Kada kuma wani ya ce miki ai ga shi nan da ƙibarsa, domin mutum yakan yi shekaru da ita ba alama. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ita, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 0.6, Gabon kuma ta fi mu yawanta idan aka auna da yawan jama'a. Abin da ke ba ni takaici shi ne, a 2024 Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure, abu mai kyau, amma magidancin da ya shekara a waje ya dawo ɗakin matarsa babu mai tambayarsa takarda, sai matar ce za a kama a wurin awo a ɗora mata laifi.

Idan Allah ya ƙaddara sakamakon bai yi daɗi ba, maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati, ina shan nawa kullum ina kuma sana'ata ta ƙuli-ƙuli. Yarona an haife shi lafiya ƙalau saboda na fara sha da cikin, kuma wanda ya riƙe magani har aka daina ganin ƙwayar a jininsa ba ya sa wa abokin kwanciyarsa. Idan maigidan ya ƙi zuwa, ki sa yayanki ko wani babba da yake jin nauyinsa ya yi masa magana a keɓe, kada ki fara da dangin miji. In kina da abokiyar zama, ita ma tana da haƙƙin a gwada ta ko da ba kwa ga maciji da juna, domin tawa ba wanda ya gaya mata sai da ta kwanta ciwo.