Katin tafiyar aiki na sojan Amurka: ana iya sayen tikitin iyali da shi?

Tambaya: Malam, ƙanena soja ne a Amurka. An ba shi katin banki na tafiyar aiki, da sunansa a jiki. Za a tura shi kwas na wata ɗaya, yana son ya saya wa matarsa tikitin jirgi da katin, ƙarshen wata ya biya daga aljihunsa. Tunda zai biya, da laifi?

Amsa: Da laifi, Malam, kuma biyan ba ya wanke shi. Sunan da ke jikin katin ne yake ruɗar mutane. Bashin nasa ne, shi banki zai bi, amma abin da za a saya da katin gwamnati ce ta yanke.

Wata doka ta shekarar 1998 ce ta wajabta wa ma'aikatan gwamnatin tarayyar Amurka, soja da farar hula, amfani da wannan kati a tafiyar aiki. A ma'aikatar tsaro bankin Citibank ke bayar da shi. Jirginsa, masaukinsa, hayar mota, man motar hayar da abincinsa, duk sun halatta muddin takardar umarnin tafiya ta ƙunshe su. Matarsa ba ta cikin takardar kwas, don haka tikitinta ba ya ciki. Da sauyin wurin aiki ne na dindindin, inda aka rubuta iyali a takardar, da magana ta canza.

Kada ya ce ba wanda zai gani. Kowace runduna tana da jami'in kula da katunan, rahoton abin da aka saya yana zuwa gabansa: sunan kamfanin jirgi, rana, kuɗi. Farar hula horon ofis yake fuskanta, har kora. Soja kuwa ana iya hukunta shi da sashe na 92 na dokar soja, wato saɓa umarni, kuma abin kan taɓa izininsa na ganin bayanan sirri.

Inda aka fi faɗawa rami ma shi ne jinkiri. Idan ya dawo, kwana biyar na aiki gare shi ya miƙa takardar neman a biya shi, da rasit na masauki da na duk abin da ya kai dala 75. Dole ya ware abin da ya ci a kati don gwamnati ta tura wa banki kai tsaye, ragowar ta shiga asusunsa. Bashi ya kai kwana 61 ba a biya ba, a dakatar da katin. Ya kai 126, a soke shi, kuma ana iya cire har kashi 15 cikin ɗari na albashin da ke shiga hannunsa. Ko gwamnati ce ta makara wajen biyansa, ƙanenka banki zai bi.

Tikitin uwargida dai ya saya da katinsa na kansa.