An Yi Wa Ƙanina Hoton Ƙwaƙwalwa Ba a Ga Komai Ba, Shin Ciwon Ba na Asibiti Ba Ne?

Tambaya: Likita, ƙanina ɗan shekara 22 ne. Wata takwas ke nan ya daina zuwa makaranta, ba ya wanka, yana kulle kansa a ɗaki yana surutu shi kaɗai. Wai maƙwabta na zaginsa ta bango, kuma ya ƙi cin abincin Inna, ya ce an sa masa guba. An yi gwajin jini da hoton ƙwaƙwalwa, aka ce lafiya lau. Yanzu kawunmu ya ce ciwon ba na asibiti ba ne, a kai shi gidan mari. Hankalina a tashe yake.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Ba zan yanke hukunci a kan wanda ban gani ba, amma jin muryoyi, da zargin guba, da janye jiki daga mutane har wata takwas a wannan shekarun, sun yi kama da sikizofireniya, wata cutar taɓin hankali. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 1 cikin 300 na fama da ita, kuma takan bayyana ne daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekaru ashirin da wani abu, maza ma da wuri.

Maganar kawunku ita ce take ci mini tuwo a ƙwarya, don kullum sai na ji ta. Babu gwajin jini, babu hoto, babu na'urar da ke nuna sikizofireniya, ko a Kano ko a Landan. Muna yin gwaje-gwajen ne don mu kawar da abubuwan da ke kwaikwayonta: ƙari a ƙwaƙwalwa, farfaɗiya, cizon sauro da ya hau kai, matsalar maƙoƙo, cuta mai karya garkuwar jiki, shan wiwi da sauran ƙwayoyi. Idan sakamako ya fito fes, zargin sikizofireniya ƙaruwa yake yi, ba raguwa ba. Amma sai dangi su ninke takardar su zuba a leda, su ce "likitoci sun duba ba su ga komai ba." Wanne likita? Likitan ƙwaƙwalwa ya zauna da shi? Ya tambaye shi su wane ne ke magana, me suke cewa, suna umartarsa da wani abu? Ya saurari mahaifiyarsa daban? Da wannan zaman ake gane cutar. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya tana neman alamomin su kai wata ɗaya, ta likitocin Amurka kuma wata shida. Sannan a tabbatar ba ciwon hawa da saukar yanayi ba ne, ba kuma matsananciyar damuwa ba, don maganinsu ya bambanta.

Daga wannan ledar ne asara ke farawa. Wannan ya ce sammu, wancan ya ce aljana ta aure shi, a sayar da akuya, a sayar da gona. Bayan shekara uku a dawo mana da yaro ya rame, ga tabon mari baƙi ƙirin a idon sawunsa, ga shatar bulala a gadon baya, ya ma daina ɗaga ido ya kalli mutum. A watan Satumba 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga irin wannan gida a Rigasa, Kaduna, da yawansu cikin sarƙa. Kuma bincike ya nuna iya daɗewar da aka yi ba a fara magani ba, iya wuyar farfaɗowa. Ban hana ku addu'a ba, ku yi ta ba dare ba rana. Duka da ɗauri da hayaƙi ne ban yarda da su ba.

Ki samu kawu cikin ladabi ki roƙe shi a fara gwada likitan ƙwaƙwalwa. Ga sashen masu taɓin hankali na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ga Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa, Kaduna. Ku tafi da takardun gwajin, da wanda ya san farkon abin, kuma kada ku ɓoye idan yana shan wani abu ko akwai mai irin ciwon a dangi. Magunguna irin su risperidone da olanzapine kan ɗauki makonni kafin muryoyin su lafa, akwai kuma allurar wata-wata ga mai ƙin ƙwaya. Idan wuyansa ya sandare bayan fara magani, illar maganin ce kuma tana da magani, ku koma wurin likita. In kuwa ya daina ci da sha gaba ɗaya, ko ya ambaci kashe kansa, ku kai shi a ranar.