Kun Tambaya, Mun Amsa: Masu Jiran Shari'a da Fayil ɗin da Ya Maƙale

Wasiƙun wannan watan sun fi karkata ga mutanen da ke tsare ba a yanke musu hukunci ba, waɗanda su ne kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen gyaran hali a Najeriya. Lambobin sassan da za mu ambata na dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ne, ta 2015, wadda lauyoyi ke kira ACJA, mai aiki a Abuja da kotunan tarayya. Jihohi sun yi nasu, Kaduna a 2017, Kano a 2019. Manufar ɗaya ce, amma lambar sashe da adadin kwanaki kan bambanta.

Tambaya: Assalamu alaikum. An kama ɗana bisa zargin fashi da makami, aka kai shi kotun majistare, alƙali ya ce a ajiye shi gidan gyaran hali. Yau wata goma sha ɗaya ke nan. Kullum muka je sai a ce ana jiran shawara. Shawarar wa ake jira, kuma me zan yi?
Wata uwa daga Gwagwalada

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya kawo mafita. Majistare ba shi da hurumin sauraron shari'ar fashi da makami, wannan aikin babbar kotu ne. Abin da ya bayar umarnin ajiya ne kawai, kafin lauyoyin gwamnati su duba ko akwai hujjar gurfanar da ɗanki. Shawararsu ake jira. 'Yan sanda ne za su kwafi fayil ɗin bincike su aika wa ma'aikatar shari'a, kuma sashe na 376 ya ba Antoni Janar kwana 14 daga ranar da fayil ya shiga hannunsa ya faɗi matsayarsa: a kai babbar kotu, ko a sake shi.

A wurare huɗu fayil ke maƙalewa. Ko dai bai bar ofishin 'yan sanda ba sam, don ba a sami kuɗin kwafi ba. Ko an yi wa ɗan sandan da ya yi binciken sauyin wurin aiki, fayil na kulle a durowarsa. Ko lauyan gwamnati ya mayar da shi yana neman rahoton likita ko bayanin wani shaida, ba a amsa masa ba. Na huɗun ya fi ciwo: shawarar ta fito tuntuni cewa a sake shi, amma takardar ba ta isa kotu ba.

Don haka fara gano inda yake. Ki je wurin magatakardan kotu ki karɓi lambar ƙara da ranar da aka ba da umarnin ajiya. Ki tambayi ofishin 'yan sandan da ya kawo shi ranar da suka aika fayil da lambar wasiƙar da ta raka shi. In sun ce sun aika, a duba littafin karɓar saƙo na ma'aikatar shari'a. Da waɗannan bayanai ki nufi Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, wadda ke ba marasa hali lauya kyauta. Lauyan yana da hujja biyu masu ƙarfi. Sashe na 296 ya ce ajiyar farko ba ta wuce kwana 14, ana iya ƙara 14, daga nan dole kotu ta kira 'yan sanda da Antoni Janar su faɗi dalilin da zai hana a sake shi. Duk wa'adin da dokar ta yarda da shi in an haɗa bai kai wata biyu ba. Sashe na 161 kuma ya ba alƙalin babbar kotu damar ba da beli ko da laifin mai hukuncin kisa ne, idan jinkirin bincike da gurfanarwa ya wuce shekara guda, kuma ɗanki na dab da cika ta. Kada ki ba kowa kuɗi da sunan zai motsa miki fayil.

Tambaya: Ranku ya daɗe. Ni magatakarda ne a babbar kotun jiharmu. An sa ni sakataren kwamitin da ke sa ido kan tafiyar da shari'ar laifuka, amma ko sisi ba a ware mana a kasafi ba. Me za mu iya yi a haka?
Wani ma'aikacin kotu daga Arewa maso Yamma

Amsa: Malam, akwai aiki da yawa da ba ya jiran kasafi, kuma ga lissafin da za ka fara kai wa shugabanninka. A 2024 an ɗaga kuɗin ciyar da ɗan gidan gyaran hali daga naira 750 zuwa 1,125 a rana. Mutum ɗaya a shekara ya haura naira 410,000 ke nan a abinci kaɗai, alhali abin da ya riƙe shi wataƙila kwafin fayil ne mai shafi hamsin. Matsalar ita ce tarayya ke biyan abincin, mafi yawan waɗanda ke tsare kuwa laifukan jiha ake tuhumarsu da su, don haka wanda ke jawo jinkirin ba aljihunsa ke jin jiki ba. Gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi damar kafa nasu gidajen gyaran halin, kuma duk jihar da ta bi wannan hanya za ta fara jin nauyin da kanta.

Abu na farko shi ne jeri guda ɗaya na duk masu jiran shari'a, wanda kowace hukuma za ta yi aiki da shi. A yanzu 'yan sanda na da lambarsu, kotu na da tata, ma'aikatar shari'a na da tata, gidan gyaran hali na da tasa, kuma babu wadda ta san ta 'yar'uwarta. Mutum ɗaya sai ka same shi Muhammad a kotu, Mohammed a wurin 'yan sanda, Mamman a littafin gandirobobi, a ce ba a ga fayil ɗinsa ba. A jerin, kowane mutum layi ɗaya: sunansa yadda kowace hukuma ta rubuta, lambobin nan huɗu, laifin da ake zargi, ranar kamu, ranar ajiya, kotu, ɗan sanda mai bincike da lambar wayarsa, ranar da ya je kotu ta ƙarshe, sai gurbi mafi muhimmanci, wato a hannun wa fayil yake yau. Kwamfuta ɗaya ta isa, in babu ita babban littafi ya isa. A fara daga littafin gidan gyaran hali, domin can ne mutanen suke, kuma a kira su ɗaya bayan ɗaya a tantance. Dama sashe na 111 ya wajabta wa hukumar gidajen gyaran hali ta riƙa miƙa wa Babban Joji da Antoni Janar sunayen waɗanda suka haura kwana 180 suna jira, duk bayan kwana 90. Ka nemi kwafin na baya-bayan nan.

Na biyu, zama ɗaya a wata, a rana tsayayya, cikin gidan gyaran halin ko ɗakin taron kotu. Ba otal, ba alawus. Kwamitin da aka gina kan kuɗin zama yakan mutu ranar da mai ɗaukar nauyinsa ya tafi. Kowace hukuma ta ba da sunan mutum ɗaya da ba ya canzawa, mai ikon yanke magana: shugaban sashen shari'a na 'yan sanda, babban lauya daga ofishin daraktan gabatar da ƙara, jami'in da ke riƙe da bayanan fursunoni, wakilin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a da na Ƙungiyar Lauyoyi. Inda akwai kotunan shari'ar Musulunci, kada a bar sufetansu a baya, domin su ma suna tura mutane ajiya. Abin da ke kashe irin wannan zama shi ne a turo ƙaramin ma'aikaci wanda amsarsa kullum ita ce zai kai wa oga. Maganinsa alƙalin babbar kotu ya shugabanci zaman, gayyata kuma ta fita da sa hannun Babban Joji. Kada a yi jawabai. A ɗauki mutum ashirin da suka fi daɗewa, kowanne a rubuta wa zai yi me, zuwa wace rana, kuma zama na gaba ya buɗe da karanta waɗannan alkawuran.

Na uku, ƙananan kuɗin da ke tsayar da manyan shari'u. In kun sami ɗan abin hannu, kwafi da man mota za ku fara saya, ba sabuwar manhaja ba. Manhajar da aka kawo kyauta takan tsaya da zarar kuɗin intanet ya ƙare ko batirin sola ya mutu. Na'urar kwafi ɗaya a sashen shari'a na 'yan sanda, da ɗan aike ɗaya mai babur da littafin sa hannu, yana zagaye tsakanin ofisoshin nan sau biyu a mako, sun fi ta amfani. Ga batun mota kuwa, sau da yawa ana ɗage shari'a ne don ba a kawo wanda ake tuhuma ba. Magatakardan kotunan da ke layi ɗaya su haɗa ranakun shari'ar tsararru a kwana biyu cikin mako, su aika wa gidan gyaran hali jerin sunaye tun ranar Alhamis ta makon da ya gabata, mota ta fita sau ɗaya ta sauke kowa. A kuma roƙi kwamishinan 'yan sanda ya sa ƙa'ida: ba a sallamar mai bincike zuwa sabon wurin aiki sai ya miƙa fayilolinsa a rubuce.

Sai ƙofar shigowa. Sashe na 34 ya ce majistare ya ziyarci caji ofis da ke yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba littafin kamu, ya ba da beli inda yake da hurumi. Ka fitar da jadawalin wanda zai je ina, ka riƙa karɓar rahoton shafi ɗaya. In gidan gyaran hali ya cika maƙil, sashe na 12 na dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019 ya sa kwanturolan jiha ya sanar da Babban Joji da Antoni Janar cikin mako guda, su kuma su ɗauki mataki cikin wata uku, in ba haka ba yana da ikon ƙin karɓar sababbi. Kwanturola kan ji nauyin rubuta wannan wasiƙa shi kaɗai. In kwamiti ne ya nema, sai ta zo da sauƙi.

Tambaya: Salam. An ci ƙanena tarar naira 30,000 ko ɗaurin wata shida kan ƙaramar sata. Ba mu da kuɗin a lokacin, aka wuce da shi. Yanzu mun haɗa. Ya za mu yi?
Wani mai karatu daga Zariya

Amsa: Malam, a kotun da ta yanke hukuncin ake biya, ba a gidan gyaran hali ba. Ka karɓi rasiɗin gwamnati, ka tabbatar alƙali ya sa hannu a takardar saki, ka bi ta har ta isa hannun gandirobobi, domin rasiɗi kaɗai ba ya buɗe ƙofa. Ka duba hukuncin da kyau ko an haɗa da diyya ga mai kaya, don ita daban take da tara. Ga masu irin wannan hali nan gaba: tun a gaban alƙali ake roƙon a ba da lokaci, ko a biya kashi-kashi, ko a mayar da hukuncin aikin al'umma. Sashe na 460 ya yarda da aikin al'umma in laifin ba na makami ba ne, ba na lalata ba, kuma hukuncinsa bai wuce shekara uku ba. A Nuwamban 2023 sai da ma'aikatar cikin gida ta tara naira miliyan 585 don fitar da mutum 4,068 da irin wannan tara ta riƙe, alhali wata shida a tsare ya ninka tarar ƙanenka fiye da sau shida a kuɗin abinci.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne. Wani ya kai ƙarar yayana kan bashi, da ba a same shi ba aka tsare ni kwana uku. Doka ta yarda?
Wani mai karatu daga Gusau

Amsa: Ba ta yarda ba, Alhaji. Sashe na 7 ya hana kama wani a madadin wani, sashe na 8 ya hana kamu kan bashi ko saɓa yarjejeniya, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta maimaita duka biyun. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40. Ka rubuta ranar kamu da ta saki da sunan ofishin, ka kai koke ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ko reshen Ƙungiyar Lauyoyi, ka kuma ba majistaren yankin kwafi domin ya nemi littafin kamu na waɗannan ranakun a ziyararsa ta gaba.