Salansa tana gogar giyabos bayan an sa wa 504 giya biyar

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce ka cire giya huɗu ta Peugeot 504 ɗinka ka sa giya biyar ta 505, yanzu bututun salansa, wato na fitar da hayaƙi, yana gogar giyabos, kana jin ƙwanƙwasa duk lokacin da ka saki kuloci, mai walda kuma ya ce a lotsa bututun da guduma. Don Allah ka dakatar da shi tukuna.

Na daɗe ina aikin waɗannan motoci na kamfanin PAN, wato kamfanin Peugeot na Najeriya, wanda ya fara haɗa mota a Kaduna a 1975. Sau da yawa laifin ba na salansa ba ne, zaman giyabos ne bai daidaita ba. Giya biyar ta fi ta huɗu tsawo ta baya, don haka duk abin da ke bayanta sai ya motsa. Ga shi farfelar 504 salun, wato sandar da ke kai juyin inji zuwa tayoyin baya, a cikin bututun ƙarfe take, wanda ya haɗe giyabos da aksul na baya. In ba a daidaita tsawonsa ba aka ja kusoshi da ƙarfi, sai inji ya karkace a kan robobinsa. Injin nan da ma a kishingiɗe yake ta dama, fili kaɗan ne a ƙarƙashinsa. Ka fara duba robobin da inji ke zaune a kai. In sun lotse ko sun jiƙe da mai, ka canza su kafin a taɓa salansa, a kasuwar Panteka ta Kaduna ko ta Ƙofar Ruwa ta Kano za ka nema. Wanda ya yi wa salansa walda alhali inji yana kan matacciyar roba, ranar da ya sa sabuwa aikinsa ya tashi a banza.

In zama ya daidaita kuma har yanzu bututun yana taɓa giyabos, a yanke wannan sashe a lanƙwasa sabon bututu mai faɗi ɗaya da na asali. A yi awon mota tana tsaye a kan tayoyinta, a bisa rami, ba a kan jak ba. A ɗiga walda kaɗan-kaɗan, a tayar da inji, wani ya ba da wuta kana kallon yadda yake girgiza, sannan a kammala. Ni ina barin tazarar santimita 2.5 zuwa 3 ta kowane gefe, wato kusan faɗin yatsu biyu.

Lotsa ƙarama ba ta kashe mota, amma bututun da ya tsufa ya yi tsatsa tsagewa yake yi. Wannan ne ke tayar min da hankali, domin hayaƙin da ke fita a ƙarƙashin kujera yana ɗauke da iskar guba marar wari, ka rufe gilashi da iyali a ciki tana shigowa ba ka sani ba.

Ka kula da zafi ma. Kulocin 504 da mai yake aiki, in bututun ya matso kusa da layinsa sai feda ta yi laushi a cunkoso. Haka wayar sifidomita da ta fitilar ribas, narkewa suke yi. Inda fili ya ƙi samuwa, a sa faranti na ƙarfe a tsakani, da 'yar tazara ta iska. Robobin rataye salansa kuma a sa sababbi, kada a ɗaure ta da waya.