Ta faɗi gaskiya an ƙi saurarenta: ina gyaran labarina?

Tambaya: Malam, ina rubuta ƙagaggen labarin kimiyya. Injiniya mace a jirgin 'yan sama jannati ta gano na'urar tace iska za ta lalace, shugabanninta maza suka yi biris da ita. Waɗanda suka karanta sun ce na mayar da maza sakarkaru. Shekara guda ina kansa, hankalina ya tashi.

Amsa: Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, gyaran ba mai yawa ba ne. Ba wa shugaban jirgin dalili mai nauyi: in ya yarda da ita, sai a juya jirgi, aikin shekaru ya rushe, a kuma gane shi ya sa hannu a kan na'urar. Kada ya furta "ai ke mace ce". Wariya ba ta cika fitowa da baki ba, a tsari take ɓuya: a katse ta a taro, a tura rahotonta ƙasan tarin takardu, mataimakinta ya maimaita maganarta a yaba masa. Tarihi ma ya nuna haka: a 1856 Eunice Foote, Ba'amurkiya mai binciken kimiyya, ta nuna iskar carbon dioxide ta fi iskar da muke shaƙa ɗaukar zafin rana, amma wani masani namiji, Joseph Henry, shi ya karanta takardarta a taron masana, aikin ya kwanta fiye da shekara 150. Likita Alice Stewart ta Jami'ar Oxford ta gano a 1956 cewa hoton X-ray ga mai ciki na ƙara haɗarin sankara ga yaro, aka ci gaba da ɗauka kusan shekara 20.

Sai kuskuren da kullum ake turowa, wanda ke ci mini tuwo a ƙwarya: a mayar da ƙin sauraro shi ne shaidar gaskiya. Jaruma ta ji a jikinta kawai, kowa ya ƙi ta, ƙarshe jirgi ya fashe don a ce ai ta faɗa. Wannan guba ce. Da ita masu tallar maganin bogi ke cin kasuwa a intanet: "likitoci sun ƙi ni, kamar yadda suka ƙi Semmelweis." To, Semmelweis, likitan nan ɗan ƙasar Hungary da abokan aikinsa suka ƙi shawararsa ta wanke hannu, ba da jin jiki ya zo ba. A asibitin Vienna ya ƙirga: ɗakin haihuwar likitoci mata kusan 10 cikin 100 ke mutuwa, na ungozoma kusan 4. A 1847 ya sa a riƙa wanke hannu da ruwan chlorine, mutuwar ta faɗo ƙasa da 2. Ina alƙaluman mai tallar? Babu, sai kuka da ƙorafi. Marubucin da ya koya wa mai karatu cewa duk wanda aka kora annabi ne, ya share wa 'yan damfara hanya, ko bai sani ba.

Don haka ba injiniyarki ma'auni: awo uku a kwana uku, adadin yana hawa. Bar ta ta yi kuskure sau ɗaya a baya, don shakkar su ta samu madafa. Sa mace ɗaya cikin masu ƙin ta, da namiji ɗaya da ya sake awon da kansa a ɓoye.