Baƙin Mai Yana Ɗiga Ta Wajen Sandar Kuloci

Tambaya: Assalamu alaikum. Babur ɗina yana zubar da baƙin mai ta gefen hagu, kusa da ƙaramar giyar da ke juya kaca, kuma bakanike ya ce sil ɗin sandar kuloci ne ya mutu, wato robar da ke tare mai a jikin siririyar sandar da ke tura kuloci. Sai an buɗe injin gaba ɗaya? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. A yawancin babura ba sai an raba injin ba, amma kafin a sayi komai a wanke wurin da kananzir, a tayar da injin, a duba inda man ke fitowa, domin sil uku ne ke maƙwabtaka a nan: na sandar kuloci, na giyar kaca da na sandar canza giya.

Idan an tabbatar, sai a jingine babur ɗin ta dama ko a juye man, a cire murfin da ke rufe giyar kaca, a zare sandar kulocin. A duba ta da kyau, domin yashi da kaca ke watsawa yakan ci jikinta, kuma sandar da ta yi tsatsa ko zurfin gurbi za ta lalata sabon sil nan da nan, don haka gara a sauya ta. A ɓanɓaro tsohon sil a hankali ba tare da an karce mazauninsa ba, a shafa wa sabon giris, a tura shi daidai, gefen da ke da sifirin yana kallon cikin injin. Wasu injina kuwa sil ɗinsu yana da baki daga ciki, kuma waɗannan dole a raba su.

Bayan an mayar, a daidaita wayar kuloci, a kuma tabbata bututun numfashin injin bai toshe ba.