Tambaya da Amsa: Wace takardar bayanan dawakin tsere zan dogara da ita?

Tambaya: Malam, ina zaune a New York, ni da abokaina muna son haɗa kuɗi mu sayi dokin tsere mai sauƙin farashi. Na ga DRF da Brisnet da Equibase da TimeformUS duk suna sayar da tarihin gudun dawaki. Wanne ya fi, kuma me ya sa makinsu ba ya zuwa ɗaya?

Amsa: Alhaji, Allah ya sa albarka a cinikin. Ka sani tun farko cewa yawancin masu sayen waɗannan takardu 'yan caca ne, mu kuwa ba caca muke koyarwa ba. Amma masu dawaki da masu horarwa su ma da su suke aiki.

Ɗanyen bayanin duk daga rijiya ɗaya ake ɗebo shi. Equibase, wanda aka kafa a 1990, shi ne ma'ajin bayanan tsere na hukuma a Amurka: lokacin gudu, matsayin kowane doki a kowane zango, nauyin da ya ɗauka, mahayinsa. Sakamakon kowane tsere yana shafinsu kyauta. Abin da sauran ke sayar maka shi ne lissafin da suka ɗora a kai.

DRF, wato Daily Racing Form, tun 1894 take fitowa, kuma ita ce ke buga makin Beyer tun 1992. Makin yana ɗaukar lokacin da doki ya kammala tsere, sai a gyara shi gwargwadon saurin filin a wannan rana, don ƙasar da ta bushe ta daskare ba ɗaya take da wadda ta yi laushi ba. Babban maki shi ne mai kyau. Wani doki mai suna Flightline ya samu 126 a 2022, abin da ba kasafai ake gani ba. A tseren mita 1,200, tazarar tsawon doki ɗaya tana kai maki biyu da ɗoriya.

Brisnet, mallakar kamfanin tsere na Churchill Downs, kwamfuta ce ke fitar da makinta, kuma tana raba gudun gida uku: E1 da E2 na farkon tsere, sai LP na ƙarshe. Nan ne za ka gane dokin da ke tashi da wuta ya mutu a ƙarshe. TimeformUS kuma tana haɗa saurin tashin tsere cikin makin, har ta zana maka inda ake zaton kowane doki zai kasance bayan tashi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gwama maki. Dokin da ya samu 60 a Beyer yakan fito da lamba mafi girma a Brisnet, don ma'aunin ba ɗaya ba ne. Wanda ya kwatanta 80 na wannan da 80 na wancan ya auna gero da kwano biyu mabambanta. Ka zaɓi ɗaya ka zauna a kansa. A ganinmu, mai neman doki na saye ya fara da DRF, saboda Formulator, manhajarsu ta intanet, yana ba ka damar tace tarihin mai horarwa: me yake samu da dokin da ya saya sabo, ko wanda ya dawo daga dogon hutu. Sai dai ka duba yawan tseren da aka lissafa. Kashi 40 cikin ɗari daga tsere 5 nasara biyu ce kacal, ba ta nuna komai.

Kada ka biya kuɗin shekara. Ka sayi takardar rana ɗaya ta fili ɗaya, a ce Saratoga, daga kamfani biyu. Ka rubuta hasashenka kafin tsere, bayan an gama ka kalli bidiyon tare da sakamakon Equibase. Ka yi haka na wata guda, za ka san wadda idonka ke karantawa ba wahala.

Abu ɗaya da babu makin da zai gaya maka: a tseren da ake sa wa doki farashi kowa na iya ɗauka, idan ka ga wanda ya yi gudu mai kyau a dala 25,000 an sauko da shi dala 10,000 kwatsam, ka tambayi kanka me mai shi ya gani a ƙafafunsa. Mai horarwarka ya dube shi da ido a wurin ɗaura sirdi kafin ku jefa takardar saye.

Tambaya: An ce Ragozin da Thoro-Graph sun fi sauran. Tsadarsu ta cancanta?

Amsa: Su ma takardun makin dawaki ne, amma a nan ƙaramar lamba ce mai kyau, akasin Beyer. Fifikonsu shi ne suna lissafa nauyin da doki ya ɗauka, fam 5 maki ɗaya, da iska, da nisan da ya ƙaru saboda zagaye. Dokin da ya sha kwana a layi na huɗu daga shinge ya yi asarar kusan tsawon doki uku, ko da ya zo na biyar mai yiwuwa ya fi wanda ya ci gudu. Ana kuma karanta su a jere don ganin ko doki zai faɗi bayan ya yi gudun da ya wuce ƙarfinsa. Ga mai sa dubban daloli a doki, sun cancanta. Mai kallo don nishaɗi bidiyo ya ishe shi ganin wanda aka tura waje.

Tambaya: Ni tseren Ingila nake bi a talabijin. Waɗannan za su yi mini amfani?

Amsa: Kaɗan ƙwarai. Nemi Timeform, wanda Phil Bull ya kafa a 1948, ko Racing Post. Makinsu da fam ake auna shi, maki ɗaya fam ɗaya na nauyi, kuma ya fi dogara ga wane doki ya doke wane da tazarar nawa. Wani doki mai suna Frankel ya kai 147 a Timeform. Dalilin bambancin shi ne can a kan ciyawa ake yawan gudu, filayen kuma akwai hawa da gangara, mahaya sukan ja linzami da farko su saki a ƙarshe, don haka jimillar lokaci tana yaudara. Ka fi mai da hankali ga yanayin ƙasa a ranar, busasshiya ce ko jiƙaƙƙiya, ka duba ko dokin ya taɓa yin abin kirki a irinta.